Daga Askar Wanzami Zuwa Allurar Nas: Tarihin Gyaran Jiki a Arewacin Zamfara

Gyaran jiki don ado tsohuwar sana'a ce a ƙasar da ta haɗa Kauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma tun fil azal ba ta taɓa rabuwa da aikin magani ba. Hannun da ke yi wa yarinya zanen kwalliya a kunci shi ne ke yi wa mahaifinta ƙaho idan jini ya dame shi, tsohuwar da ta wanke amarya kuma sau da yawa ita ce ke dawowa bayan shekara ta tsaya a kan wankan jego. Ma'aikaciyar jinya da ake gani a yau a asibitocin gyaran fata na Abuja da Legas da Kano ita ce ta baya-bayan nan a wannan jeri. Kafin ita akwai wanzami da ungozoma da makitsiya da mai ƙunshi da ɗan koli, kuma a garuruwa irin su Sakajiki da Moriki da Badarawa har gobe su ne suka fi kusa da jama'a.

Wanzanci sana'ar gado ce. Yaro yakan tashi yana bin mahaifinsa da zabira, ya fara da wasa aska da jiƙa kai, ya yi shekaru yana askin yara kafin a yarda ya taɓa ƙaho, balle kaciya. Kowane gida na da wanzaminsa da ya gada daga iyaye, wanda ke zuwa askin suna ranar bakwai, ya karɓi rabonsa na naman rago, da kaka kuma a kai masa damin gero ko dawa. A saman wanzaman gari akwai Sarkin Aska, wanda sarki ke naɗawa, shi ke raba gardama tsakaninsu, kuma gare shi ake kai ƙara idan aiki ya ɓaci. Wannan tsari shi ne ƙashin bayan sana'ar. Wanda ya sa aska a jikin ɗan wani an san gidansu, an san wanda ya koya masa, an san inda za a same shi gobe idan ciwo ya ƙi warkewa. Ba shi da takardar shaida, amma sunan kakanninsa na jingine a kan kowane yanka da ya yi.

Zanen fuska iri biyu ne, na asali da na ado, kuma a wannan yanki na asalin ya yi nauyi ƙwarai saboda tarihin wurin. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara suka kafa Alƙalawa. A 1808 Alƙalawa ita ma ta faɗi a hannun masu jihadi, cikinsu har da Namoda, jarumin Fulanin Alibawa wanda Kaura ke ɗauke da sunansa. Ƙasa ce da ta daɗe cikin yaƙi da hari da kamun bayi, inda Zamfarawa da Gobirawa da Katsinawa da Fulani da Buzaye ke cakuɗe. A irin wannan zamani zanen kunci shaida ce da ba ta ɓata. Yaron da aka sace, ko ya manta sunan garinsu, fuskarsa ba ta manta ba, kuma an sha fansar mutum saboda wani fatake ya gane askar gidansu. Gobirci, da layukansa masu tasowa daga gefen baki su bazu zuwa kunne, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, ana gane shi tun daga nesa. Zamfarci da Kabanci da Katsinanci kowanne da tsarinsa, kuma kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanzamin da ya ƙara layi ko ya rage ya sauya wa yaro dangi.

Na ado kuwa zaɓi ne, galibi na 'yan mata da iyayensu. Akwai kalangu da 'yar baka da bille, akwai zanen goshi da na wuya da na ƙirji da na dantse, akwai kuma jarfa wadda Fulani suka fi shahara da ita, har da ta leɓe. Wanzami yakan yi tsaga marar zurfi da ƙaramar aska, ya goga baƙin tukunya ko garin gawayi domin zanen ya fito idan ya warke. Gwanayen cikinsu sun san abubuwan da likitocin fata ke koyarwa a yau: cewa akwai jikin da tabo ke kumbura masa ya yi tudu, cewa irin wannan jiki na bin dangi, cewa ƙirji da kafaɗa da kunne sun fi saurin yin haka. Sun kuma ɗauka rauni ya fi kamewa da sanyin hunturu, abin da ya sa ake tara yara kaciya a lokacin.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Aska ɗaya takan bi yara goma ba tare da an tafasa ta ba, kuma ta nan cutar sarƙe haƙora da ciwon hanta suka sami hanya, daga baya cuta mai karya garkuwar jiki ta ƙara wa abin haɗari. Cire beli ga jariri ɗan kwana uku ko bakwai ba shi da wani amfani da likitanci ya tabbatar, ga zubar jini ga hana shan nono. Yankan gishiri da ake yi wa mata ya jefa da yawa cikin yoyon fitsari na tsawon rai. Tsarin gado ya tanadi wanda za a kama da laifi, amma bai tanadi ilmin ƙwayoyin cuta ba, kuma idan yaro ya mutu bayan aiki yawanci akan ce kwana ne ya ƙare.

Ɓangaren mata ya fi sauƙi ga jiki, ya kuma fi yalwa. Lalle ne kan gaba: a daka ganyensa, a kwaɓa, a ƙunsa ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru a kwana da shi. Aure kansa da lalle ake buɗe shi, tun daga kamu har zuwa wankan amarya. Ga kwalli a tandu, ga katambiri na zana baƙin layi a fuska, ga furen taba da goro na rina haƙora, ga shuni a kitso, ga man shanu da man kaɗe da sabulun salo, ga dutsen goge kaushi. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya zauna Kano a farkon 1824 sannan ya je Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma ratsa Zurmi, ya rubuta yadda ya ga mata na rina gashi da gira da shuni, maza da mata kuma na jan haƙora da fure.  Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da bayanin sa lalle da kitso da aikin wanzamai a ƙasar Zazzau da Kano. Abin da ya haɗa kusan dukkan waɗannan kayan ado shi ne daga gona da daji suke fitowa, kuma suna gogewa. Lalle ya yi sati uku ya kau, fata ta koma yadda Allah ya yi ta.

Kwalli ne kaɗai ya fita daban. Na gargajiya dutse ne mai ƙyalli da fatake ke kawowa daga wurare irin su kwarin Binuwai, kuma mafi yawansa dalma ce. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bincika sai aka tarar tozalin da ake sa masa ne, wanda kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan guba, tun bayan abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Wancan daga haƙar ma'adinai ne, ba daga kwalli ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ranbaɗa wa jariri kwallin dutse al'ada ce da ya kamata a bari.

Addini ya daɗe da shata iyaka a wannan fage. Malamai sun ƙarfafa tsafta da aski da yanke farce da kaciyar maza, sun yarda da lalle da tozali da turare, ƙaho kuma yana cikin maganin da ya zo a sunna. Shi kansa Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido. Amma sun yi hani ga tsaga fata a cusa mata launi, da duk abin da ya zama sauya halitta don ƙawa kawai, tare da halatta gyaran aibin da ciwo ko haɗari ya jawo. Al'ada ta yi ƙarni tana jan ƙafa kafin ta bi, amma wannan rarrabewa tsakanin gyara da sauyawa ita ce dai har yau ake komawa gare ta idan an tambayi malami hukuncin tiyatar kwalliya.

Babban sauyi ya shigo ta kan dogo. A 1929 layin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Kauran Namoda, nan ya tsaya. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu, taragon da ya kwashi amfanin gona kuma ba ya dawowa wofi. Ya kawo sabulun kanti da hoda da jan baki da madubi da reza da man gashi da turaren kwalba irin Bint el Sudan, wanda wani kamfanin Ingila ya fara haɗawa a 1920, daga baya aka koma yin sa a Kano. 'Yan koli suka ɗauki kayan a kai da kan jaki da keke, suka bi da su kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da ƙananan kasuwannin ƙauye. Daga wannan lokaci kayan kwalliya suka fara zama abin da mai shafawa ba ta san da me aka haɗa shi ba, mai sayarwa ma bai sani ba. Reza kuma ta rage wa wanzami abokan ciniki tun kafin asibiti ya karɓe masa sauran.

Aikin jinya na zamani ya zo ta wata hanya dabam, kuma ba don ado ya zo ba. Tushensa makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a Landan a 1860. A Najeriya an kafa hukumar ungozomomi a 1930, majalisar ma'aikatan jinya a 1947, aka haɗe su wuri ɗaya a 1979 suka zama majalisar da ke ba da lasisi har yau. A Arewa, asibitocin mishan irin na Wusasa da Vom da ɗakunan shan magani na En'e su suka fara horar da 'yan ƙasa. Da yake iyaye ba sa sakin 'ya'ya mata zuwa boko, balle aikin kwana a asibiti, yawancin na farko maza ne, shi ya sa a ƙauyuka aka fi sanin malamin asibiti kafin a san nas. Aikinsu wankin gyambo ne da allurar rigakafi da maganin kuturta da ciwon sanyi. Allura ta yi farin jini nan da nan, musamman bayan zuwan fenisilin, har mutane suka ɗauka magani bai cika ba sai an tsira musu ita. Wannan imani da allura ya zauna daram, kuma masu sayar da farin fata na yau a kansa suke cin kasuwa.

Tsakanin samun 'yancin kai da ƙarshen ƙarnin da ya wuce zanen fuska ya yi ta ja baya. Wa'azi ya yi tasiri, makaranta ta yi, tafiye-tafiye sun yi, katin shaida kuma ya maye gurbin askar gida. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta haramta yi wa yaro zane ko jarfa, dokar 2015 ta hana cin zarafin jama'a kuma ta haramta kaciyar mata. A yau idan an ga cikakken Gobirci ko Zamfarci, galibi a fuskar dattijo ne. Wanzami ya rage da askin suna da ƙaho da kaciyar ƙauye, samari sun koma shagon mai injin aski.

Ta ɓangaren mata kuwa sana'ar faɗaɗa ta yi. Dilka da halawa da turaren tsuguno da humra, waɗanda asalinsu na Sudan ne da Shuwa da Barebari, sun taso daga Maiduguri sun bazu har ƙasar Sakkwato da Zamfara, inda suka tarar da tsohuwar sana'ar haɗa tsimi da gumba da sauran kayan mata. Mai gyaran jiki ta zama sana'a mai zaman kanta, amarya takan yi sati ɗaya ko biyu a hannunta kafin biki. Dilkar asali, ta gari da kurkum da mai da itacen ƙamshi, goge datti take yi ta sa fata sheƙi. Matsalar ta fara ne da aka soma auna gwanintar mai gyara da yawan hasken da amarya ta yi, har dangin ango su kasa gane ta. Mai son riƙe kasuwa sai ta fara zuba wani abu cikin kwaɓin. Zanen fulawa na baƙin lalle ma haka ne: abin da ke sa shi baƙi wuluk cikin minti kaɗan sinadarin rinin gashi ne, wanda ke tayar wa wasu da ƙuna da kumburi, ya bar tabo daidai siffar zanen.

A nan ne shafe-shafe ya shigo, kuma shi ne babi mafi muni a tarihin nan. Son farar fata ba baƙo ba ne, kirarin alkyabbar mata da ake yi wa farar mace ya girmi talabijin. Amma da can ana yaba baƙa mai sheƙi, ana yaba wankan tarwaɗa, kuma ba wanda ke da hanyar sauya launinsa. Finafinan Indiya, sannan na Hausa daga shekarun 1990, sannan hotunan Instagram da TikTok da ake tacewa, sun taru sun matse ma'aunin kyau zuwa launi ɗaya. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da kayan hasken fata, adadi mafi yawa a ƙasashen da aka lissafa. Ko da an yi jayayya a kan yadda aka samo adadin, duk wanda ya shiga layin 'yan mai a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko kasuwar Gusau ya san abin ya yi yawa.

Sinadarai uku ne ke yin aikin. Haidirokwinon yana hana fata yin launinta, idan an daɗe ana shafa shi sai ya juya ya bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi wanda ba ya fita. Zaiba tana ratsa fata ta taru a ƙoda da ƙwaƙwalwa, tana kuma isa ga ɗan tayi da mai shan nono. Na ukun, wanda ya fi yawa saboda arha, man sitiroyid ne irin wanda likita ke rubutawa don ƙaiƙayi na kwanaki kaɗan. Shafa shi duk jiki wata da watanni na sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage cinya da hannu, ƙuraje da makero su samu wurin zama, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta hana zaiba a kayan shafa, ta kuma ƙayyade haidirokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari, a 2023 kuma ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta bi sahu, Ruwanda ma haka. Amma doka na kama abin da ke da suna da lamba ne, alhali abin da ya fi yawo a yau haɗi ne da wata ta kwaɓa a ɗakinta ta zuba a roba marar rubutu, ta tallata a WhatsApp, direban mota ya kawo shi tasha. Har jarirai ake shafa wa. A gefe guda ga ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda yawanci sitiroyid ne da maganin mura mai buɗe ciki, ana sayen su a kemis ba takardar likita.

Tiyatar gyaran jiki ta ainihi tana da nata tarihin, kuma daga jinƙai ta faro. A Yaƙin Duniya na Ɗaya likita Harold Gillies ya tara sojojin da harsashi ya ɓata wa fuska a wani asibiti a Sidcup ta Ingila daga 1917, ya gina musu hanci da muƙamuƙi da fatar jikinsu. Misalinta mafi kusa da mutanen Zamfara yana Sakkwato, a asibitin yara masu cutar noma da aka buɗe a 1999. Noma cuta ce da ke farawa daga dasashi ta cinye kunci da leɓe da hanci cikin kwanaki, tana kama yara ƙanana masu tamowa, kuma tana kashe kusan 9 cikin 10 idan ba a yi magani ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa wa asibitin tun 2014, a Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Likita na yin aikin sa'o'i, amma nas ce ke ciyar da yaron har ya yi ƙarfin shiga tiyata, ta duba fatar da aka dasa dare da rana ko jini na zagaya ta, ta koya masa buɗe baki da tauna. Wannan shi ne aikin gyaran fuska mafi daraja da ake yi a wannan shiyya. Horo na musamman kan jinyar ƙuna da gyaran jiki kuwa ana samun sa bayan karatun farko, a wurare irin su asibitin ƙashi na tarayya da ke Inugu.

Asibitin kwalliya zalla, inda lafiyayye ke biyan kuɗi a gyara masa abin da bai gamshe shi ba, sabon abu ne kuma na manyan birane. Ya fara fitowa fili a Legas a farkon shekarun 2000. 'Yan Najeriya da yawa sun fara jin labarinsa ne a Oktoban 2005, lokacin da uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a Sifen bayan tiyatar rage kitse, kotun ƙasar kuma ta sami likitan da laifin sakaci a 2009. A 2002 Amurka ta amince da allurar Botox don sassauta tamojin tsakanin gira, daga nan harkar ta karkata daga wuƙa zuwa allura da na'ura: allurar cike kumatu da leɓe, hasken leza na cire gashi da tabo, sinadarin saɓule saman fata, da ƙarin ruwa mai gulutatayon da ake cewa yana sa fari, wanda babu ingantacciyar hujja a kan amfaninsa ko amincinsa.

Da yake yawancin waɗannan ba sa buƙatar ɗakin tiyata, nauyinsu ya sauka a kan nas. Aikinta na farawa kafin a taɓa kowa. Ita ke tambayar tarihin lafiya: ciki ko shayarwa, sukari, hawan jini, sikila, magungunan da ake sha, man da ake shafawa, da ko tabo na kumbura a dangi. Ita ke auna jini, ta bayyana abin da zai iya faruwa da harshen da mutum ke ji, ta tabbatar ya sa hannu da saninsa. Ita ke turara kayan aiki a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ta buɗe sabuwar allura a gaban mai ita. A baƙar fata leza da sinadarin saɓule fata na iya barin tabon da ya fi na farko muni, don haka sai an gwada a ɗan wuri an jira. Dole ta san alamun haɗari tun suna ƙanana. Idan allurar cikewa ta toshe jijiyar jini, wurin zai yi fari ya yi zafi, kuma in ba a narkar da ita da wuri ba naman zai mutu, wani lokaci har ido ya tafi. Idan jiki ya ƙi magani numfashi ya sarƙe, allurar adirenalin ce a cikin mintuna. Bayan tiyatar zuƙe kitse ko ƙara mazaunai, wadda ke cikin mafi haɗari saboda kitse na iya shiga jijiya ya toshe huhu, ita ke kwana a kan mara lafiya.

Akwai wani nauyin da babu shi a asibitin gwamnati. Wanda ya zo ba majinyaci ba ne, mai saye ne, mai asibitin kuma ɗan kasuwa ne. Nas takan tsinci kanta tsakanin rantsuwar aikinta da ladan da ake ba ta a kan kowane ƙarin ruwa da ta sayar. Yarinyar da kishiya ko saurayi ko hoton waya ya sa ta tsani fuskarta ba allura take buƙata ba, kuma ma'aikaciyar kirki ita ce mai iya ce mata ta koma gida. Rubuta magani da yanke shawarar tiyata hurumin likita ne mai rajista, nas na aiki ne cikin iyakar horonta. Wurare da yawa da ke kiran kansu asibitin fata shagunan kwalliya ne kawai, masu fararen kayan cikinsu kuma ba su taɓa shiga makarantar jinya ba, sun koyi tsira allura ne a wani asibitin kuɗi ko a kwas na sati biyu. Majalisar jinya ba ta san da su ba, saboda haka ba ta da lasisin da za ta ƙwace. Ko a Ingila sai a 2021 aka haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 allurar Botox da ta cikewa don ado. Ta fuskar sanin wanda za a tuhuma, mai allurar da ke yawo gida-gida da jaka ta fi wanzamin da baya nesa ba kusa ba, domin ba ta da Sarkin Aska, ba ta da majalisa, lambar waya kawai gare ta.

A arewacin Zamfara ma'aikatan jinya ba su kai ga yin kwalliya ba, aikin ceton rai ya sha musu kai. Jihar, wadda aka ƙirƙiro a 1996, na horar da su a kwalejin jinya da ungozoma ta Gusau, ma'aikatan lafiya na matakin farko kuma a Tsafe. Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 ya taimaka wa 'yan matan karkara na Zamfara da wasu jihohin Arewa su cike gibin karatu su shiga waɗannan makarantu. Amma rashin tsaro ya rufe ɗakunan shan magani da dama a ƙauyuka, manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi na cike da yara masu tamowa inda MSF ke taimakawa, ƙwararru kuma na ficewa zuwa birane da ƙasashen waje, wasunsu zuwa asibitocin kwalliyar da suka fi biya.

Duk da haka harkar kwalliya na iske nas ɗin Kaura har inda take, ta ƙofar baya. Ita ke ganin amaryar da fuskarta ta ƙone saura kwana uku biki, da mai ƙurjin allura a cinya, da matar da ta kumbura saboda ƙwayar ƙiba. Ita ke fama a ɗakin haihuwa idan an yi wa mai shafe-shafe tiyata, zare ya riƙa yaga fatar da ta yi laushi, ɗinki ya ƙi kamewa. Saboda haka ya dace kwalejin Gusau da ta Tsafe su ba illolin mayukan bilicin wuri na musamman a darasinsu, a kuma sa tambayar man shafawa cikin tambayoyin awon ciki, a jawo masu gyaran jiki da wanzamai da ungozomomi cikin horon tsafta maimakon a yi kamar babu su. Macen da ta daɗe tana shafa man sitiroyid kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jiki na iya rikicewa. A hankali ake janye shi ƙarƙashin kulawar likita. Wadda kuma za a yi wa tiyata ko ta je awo, ta ɗauki robar man da take shafawa ta nuna wa ma'aikaciyar jinya, ko da babu rubutu a jikinta.